ZAUREN 'YAN MATA: Ina Gonar Baba Ta Shiga?

 Yau dai mun jingine zancen soyayya, amma kada ku ɓata rai, don za ku ga yadda ta kutso kai cikin maganar tun kafin mu gama.

Bagudo za mu nufa, can ƙarshen Jihar Kebbi a masarautar Gwandu, inda kogin Kwara ya ratsa, ƙasar Illo da Lolo da Kaoje da Tsamiya. Daga Tsamiya kina ƙetarawa kin shiga Jamhuriyar Benin, hanyar Segbana. Arzikin mutanen nan ƙasa ne, wato fadamar shinkafa a bakin kogi da gonar gero da dawa a kan tudu. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi a 2015 idon kowa ya buɗe a kan fadama, har wanda da ba ya waiwayar gonar ubansa ya fara tambayar iyakarta.

To mu ƙaddara wani babban manomi ya rasu a can, Allah ya jiƙan musulmi. Ya bar eka 24 na gona, da gidan da yake ciki, da ɗakunan haya a bakin kasuwa, da bukkoki da rumbuna a tunga inda masu yi masa aiki ke kwana da damina. Ya bar mahaifiyarsa da rai, matan aure 2, 'ya'ya maza 6, mata 5. Kafin a taɓa komai sai a cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, har da sauran sadakin da matansa ke bin sa idan akwai, sannan wasiyya wadda ba za ta wuce sulusi ba, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Idan an gama wannan, lissafin da Suratun Nisa'i ta shimfiɗa a aya ta 11 da ta 12 ne zai yi aiki. Mu ɗauka babu bashi babu wasiyya. Matan biyu suna da tumuni, eka 3 ke nan, kowacce ɗaya da rabi. Tsohuwa tana da sudusi, eka 4. Saura 17, kowane namiji 2, kowace mace 1. Ƙannen mamacin kuwa, wato baffanninki, ba su da ko taki ɗaya tun da akwai ɗa namiji.

Kin ji shi a takarda, tsaf. Sai dai abin da ya fi faruwa daban ne. Ana share makoki, mata na cikin takaba ta wata 4 da kwana 10, sai babban wa ko baffa ya gyara zama ya ce, ai gonar gandu ce, raba ta zai kashe gida, ke mace ce aure za ki yi, me za ki yi da fartanya? A bar rabonki a hannunmu, duk kaka za a aiko miki. Shekarar farko buhu 2 ya zo, ta biyu buhu 1, ta uku sai gaisuwa da labarin ambaliya. Kuma ba ƙarya ba ne ana ambaliya, ta 2020 ta cinye shinkafar Kebbi ba kaɗan ba, amma abin mamaki ruwan nan kullum ekar mace kaɗai yake gani!

Ni ban ce kowane yaya azzalumi ba ne, wallahi akwai masu tsoron Allah da ke noma wa ƙannensu mata su kai musu har ɗaki. Kuma gaskiya ne yayyanka fadama ƙanana-ƙanana yana wahalar da ban ruwa. Abin da nake ƙi shi ne ajiyar da ba shaida, ba iyaka, ba rubutu. A fara raba gadon, a kafa alama, a san wannan ta wance ce, daga nan in kin ga dama ki ba yayanki aro ko haya da bakinki. Shirun ma yana da haɗari, domin a fiƙihun Malikiyya akwai abin da ake kira hauzi. Wanda ya riƙe fili shekara 10 mai shi yana gani bai ce uffan ba, in bare ne, alƙali ba zai saurari ƙarar mai filin ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo, ana kai shi shekara 40, amma kafin nan tsofaffin da suka san iyaka sun bar duniya, 'ya'yanki ne za su yi ta jayayya da 'ya'yan yayanki.

Gidaje sun fi gona rikici, don ba a tsaga ɗaki da igiya. Masana ake kira su yi wa kowane gini ƙima da kuɗi, babban gida da ɗakunan haya da rumbuna har bukkokin tunga, a haɗa jimla a fitar da rabon kowa. Wanda yake son zama a babban gida sai ya biya sauran. A nan ake yi mana wayo, a tura wa mace bukkar tunga wadda ruwa ɗaya zai kayar, maza su riƙe ɗakunan bakin kasuwa masu kawo kuɗi duk wata. In kuma wani ya ce ai Baba ya ba shi gidan tun yana da rai, a tambaye shi shaidu, a tambaye shi ko ya karɓa ya mallaka kafin rasuwar, don kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya mutu ta koma cikin gado.

Sai abin da ya keɓanta da mutanen bakin iyaka. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, ana auratayya, wani gonarsa tana tsallake. Alƙalin Kebbi ba shi da iko a kan ƙasar Benin, kuma dokar iyali da suka yi a 2004 daidai take raba wa ɗa da 'ya, auren mace ɗaya kawai ta amince da shi. Saboda haka irin wannan gonar gara a zauna a sasanta ta gaban malamai da dattawa, a rubuta kowa ya sa hannu. Ta wannan ɓangaren kuwa, in sulhu ya ƙi, akwai kotun shari'a, kuma ana iya ɗaukaka ƙara har Birnin Kebbi.

Na ce soyayya za ta kutso kai. Ranar da aka ji kin gaji fadama za ki ga samarin da ba su taɓa yi miki sallama ba sun fara zarya da turare, har da masu wasiƙa mai zanen fure. In ya fara tambayar eka nawa ce tun bai tambayi ajinki nawa a makaranta ba, ki ba shi ruwa ya sha ya kama hanya. Ko wanda kika aura ma dukiyarki ba tasa ba ce, ciyarwa tana wuyansa ko da kin fi shi gona. Takardar rabon kuma ki ba Inna ta adana miki a ƙasan adaka, ki sa a yi kwafi biyu.

Masu tambaya a kan rabon marayun da ba su balaga ba, ku yi haƙuri fili ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.