KUNYAR DA KE KASHE ƘODA: TIYATAR HANYAR FITSARI GA DATTAWANMU

 

Ya 'yan'uwa, akwai wata larura da ke raba iyayenmu maza da sahun farko a masallaci, amma ba mu cika jin an ambace ta a kan mumbari ba. Dattijo yakan fara da tashi sau huɗu ko biyar cikin dare domin kama ruwa. Fitsarin ya yi rauni, yana fita da yunƙuri, bayan an gama kuma ɗigo ya biyo baya ya ɓata wando. Sai shakka ta shige shi game da tsarkinsa, ya koma salla a ɗaki, 'ya'yansa suna cewa tsufa ne. Ranar da fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, ranar ce iyali suke sanin abin da ya shekara yana ɓoyewa.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullutu mai girman ƙaramin goro, nauyinsa wajen giram 20, ya kewaye hanyar fitsari kamar zobe. Likitoci suna kiransa furosteti, Larabawa kuma burustata. Yana ƙara girma da shekaru, har ana samun wannan girma ga kusan rabin mazan da suka kai 60, da mafi yawan waɗanda suka haura 80. Idan ya matse hanya sai mafitsara ta riƙa aikin ƙarfi har ta gaji, fitsari ya riƙa kwana a ciki. Daga nan ƙwayoyin cuta suke samun mazauni, tsakuwa ta ƙullu, matsin ya koma sama ya illata ƙoda. Wannan kumburi ba sankara ba ne, sai dai alamominsu sukan yi kama, kuma likita ne zai bambance ta hanyar dubawa da gwajin jini na PSA da hoto. Wanda ya ga jini a fitsarinsa kuwa kada ya jinkirta ko da mako guda, musamman a ƙasarmu inda tsargiya ta yi yawa, domin tsargiyar da ta daɗe tana iya jawo sankarar mafitsara.

Ba kowa ne ke buƙatar tiyata ba. Akwai ƙwayoyi irin su tamsulosin mai sassauta wuyan mafitsara, da finasteride mai rage girman ƙullutun cikin wajen wata 6. To amma idan fitsari yana tsayewa a kai a kai, ko tsakuwa ta ƙullu, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ƙoda ta fara taɓuwa, an wuce matakin ƙwaya. A nan ne muke ganin abin takaici. Ana sa wa dattijo robar fitsari domin ceton gaggawa, sai robar ta zama abokiyar zama, ana canza ta wata bayan wata, yana ɓoye jakar a ƙarƙashin babbar riga, zazzaɓi yana kai da komo, duk saboda tsoron kalmar "aiki". Ana cikin haka masu tallar magani da lasifika a tasha suna ce masa sanyi ne ko basir, boka kuma ya ce an ɗaure masa fitsari da sammu. Kuɗin da za a yi tiyata da su sai su ƙare a wurin waɗannan, tare da haɗarin da ke cikin gaskata boka ga aƙidar mutum.

Abin mamaki shi ne yadda wasunmu suke ɗaukar tiyata baƙon abu ga Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya keɓe juzu'i na 30 na littafinsa At-Tasrif ga tiyata. A ciki ya bayyana yadda ake fitar da tsakuwa daga mafitsara, ya kuma siffanta bututun azurfa da ake zurawa a saki fitsarin da ya tsaya. An fassara wannan juzu'i zuwa Latin, Turai ta yi ƙarnoni tana karatu da shi. Yaya jikokin wannan al'umma za su riƙa gudun abin da magabatansu suka koyar?

A yau hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko ba a tsaga ciki: ana kashe rabin jiki da allurar baya, a zura siririyar na'ura mai madubi ta hanyar fitsari, a feƙe naman da ya toshe hanya kaɗan-kaɗan da wata waya mai aiki da lantarki. Galibi ana cire robar bayan 'yan kwanaki. Ta biyu ana tsaga mara a ɓare ƙullutun da ya girma, irin aikin da Freyer ya yayata a Ingila a farkon ƙarni na 20, Millin kuma ya kawo wani salonsa a 1945. Ita ake zaɓa idan ƙullutun ya yi girma ƙwarai, ko inda babu na'ura, kuma a lokaci guda ana iya cire tsakuwa. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da likitocin wannan fanni.

Amana ce mu faɗi abin da dattawa suke tsoro amma ba sa furtawa. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin suna ci gaba da biyan haƙƙin iyali kamar yadda suke kafin aikin. Sai dai da yawansu maniyyi yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito, ya fita daga baya tare da fitsari. Wannan ba ya cutar da jiki, amma yana rage yiwuwar haihuwa, kuma mai amarya ko mai son ƙarin zuriya yana da haƙƙin ya san haka kafin ya sa hannu. Akwai kuma haɗarin zubar jini, da ɗigon fitsari wanda galibi yakan wuce da lokaci. Aikin ba ya cire ƙullutun baki ɗaya, saboda haka komawa asibiti a duba bai faɗi ba.

Ta fuskar shari'a, malamai sun halatta buɗe al'aura ga likita gwargwadon larura, kuma galibin likitocin wannan fanni maza ne. Mai yoyon fitsari ma ba a kore shi daga salla ba. Ibn Abi Zaid ya ambata a Risala cewa an so ya sabunta alwala ga kowace salla. Amma rangwamen da aka yi wa mara lafiya ba hujja ba ce ta barin ciwon da Allah Ya sauƙaƙa maganinsa har ya ci ƙoda.

Nauyin yana kan 'ya'ya maza, domin uba ba zai fara wannan magana da ɗansa ba. Babban ɗa ya keɓe da shi cikin ladabi, ya ce, "Baba, na ga kana yawan fita da dare, mu je a duba." Idan nauyin baki ya hana, a nemi aminin uban ko limamin unguwa. Muna kuma kira ga rassanmu da 'yan agaji su buɗe asusun irin wannan aiki, su rubuta sunayen matasa masu shirin ba da jini, domin sau da yawa ana neman a tanadi jini kafin a sa ranar tiyata.