Wuƙar Aljihu: Ta Aiki Ko Ta Burga?

Wani sabon yayi ya shigo mana, tun da kuwa ba mu ga alamar shugabannin ƙungiyarmu za su ce uffan a kansa ba, to, bari mu mu tanka. Yayin nan shi ne na wata irin wuƙar aljihu mai naɗewa, baƙa ƙirin tun daga tsini har ƙota, wadda 'yan kasuwa su ke kira "taktikal", watau wai ta dabarun yaƙi. Sai ka ga ɗalibi ya yi wata guda cur yana jiƙa garin kwaki don ya tara kuɗinta, ko kuwa ma'aikaci sabon ɗauka ya gutsuri albashinsa na fari ya aika wa wani ɗan kasuwar intanet da bai taɓa gani ba. In ta iso sai ya maƙala ta a bakin aljihu inda kowa zai hanga, yana tafe yana buɗa hannuwa, kai ka ce jiya ya dawo daga yaƙin Bama.

Kada mai karatu ya zaci gaba na ke yi da wuƙa. Ɗalibin aikin gona da zai yi wa mangwaro aure yana bukatarta, haka ɗan sashen lantarki mai feɗe waya, haka ma'aikacin gandun daji ko malamin dabbobi da ke yawon rangadi. Kai, ko mai shan rake ma ya san amfaninta. Abin da na ke faɗa da shi shi ne ƙaryar da aka rataya wa wannan wuƙa, wadda ta sa masu ilmi, waɗanda aka koya wa bin diddigin magana, su ke zaɓen kayan aiki da suna da launi kamar yara a kasuwar jajibere.

Bari mu bi salsalar abin. A Amurka aka haife ta, ba ta kuwa daɗe a duniya ba. A 1964 kamfanin Buck ya fito da wuƙarsa mai lamba 110, mai sakata a gadon baya wadda ke riƙe ruwan wuƙar kada ya rufe a kan yatsu, don mafarauta kuma aka yi ta. A farkon shekarun 1980 wani maƙeri, Michael Walker, ya gyara wata irin sakata ta cikin ƙota wadda mutum zai ture da babban yatsa ya rufe wuƙar da hannu ɗaya. A 1981 kuma Sal Glesser, mai kamfanin Spyderco, ya huda rami a jikin ruwan don a buɗe shi da yatsa guda, ya kuma sa mata maƙali irin na biro. Sunan da ya raɗa wa wuƙar tasa ta fari shi ne Worker, watau ma'aikaciya. Duk waɗannan dabaru don mai aiki aka ƙago su, mutumin da ke bisa tsani ko cikin jirgin ruwa, hannunsa ɗaya riƙe da igiya.

Zancen yaƙi daga baya ya shigo. Wani maƙeri mai suna Bob Terzuola a ke jingina wa ƙago sunan nan na "taktikal". A ƙarshen shekarun 1980 Ernest Emerson ya ƙera wa waɗansu sojojin ruwan Amurka na musamman wata wuƙa da ya kira CQC-6, haruffan kuwa suna nufin faɗan ƙirji da ƙirji ne. A 1994 kamfanin Benchmade ya soma buga ƙanwarta, CQC-7, don kowa da kowa, littattafan ƙagaggun labarai na Richard Marcinko, wani tsohon hafsan sojan ruwa, kuma suka yi ta kambama wuƙaƙen Emerson. Daga nan ne 'yan jari hujja suka gano cewa sayar wa akawu mafarkin zama soja ya fi sayar wa soja wuƙa riba, domin kuwa akawuna sun fi sojojin ƙundumbala yawa nesa ba kusa ba. Mafarkin nan shi aka yi wa kwali, aka loda a jirgi, ya bi ta masana'antun birnin Yangjiang na ƙasar Sin, har ya iso ɗakunan kwananmu.

To, mai karatu, ɗauko ta mu dudduba. An shafa mata baƙin fenti wai don kada ta yi ƙyalli da dare abokin gaba ya hango. Wane abokin gaba ke fakonka tsakanin ɗakin karatu da wurin mai shayi? A kan masu arahar ma fentin amfaninsa ɗaya, ya ɓoye munin ƙarfe da ƙazamin washi, mako biyu kuma ya fara ɓarewa. An yi mata baki mai kusurwa wanda su ke kira tanto, sunan da aka aro daga wata wuƙar Japan, kamfanin Cold Steel na Lynn Thompson ya yayata shi a shekarun 1980, har da tallan da a ke nuna ana soke jikin mota. Tsininsa yana da ƙarfi, gaskiya ne, amma ba shi da lanƙwasar cikin nan da ke sa wuƙa ta zame cikin nama ko lemo, sa'an nan kaifi biyu ne suka haɗu a kusurwa, kowanne sai an wasa shi dabam. An yi ruwanta da kauri, milimita 4 ko 5, sabo da haka ba ta yanka albasa, tsaga ta ta ke yi kamar gatari ya sami icce. Rabin bakin kuma haƙora ne irin na zarto, waɗanda ke da rana wajen yanke igiya mai kauri ko ɗamarar kujerar mota, amma ran da suka dakushe dutsen washin gidanku ba zai iya musu komai ba. Watau duk abin da aka ƙara mata don ta yi kama da ta mayaƙa, wani abu ya rage mata na aikin da za ka sa ta kullum.

Abin dariyar shi ne, wuƙar aljihun da ta fi kowacce suna a hannun soja ba haka ta ke ba. A 1891 Karl Elsener, wanda kamfaninsa ya zama Victorinox, ya fara kai wa rundunar Suwizalan wuƙaƙe daga garin Ibach. Me ke jikinsu? Ruwa ɗaya, mabuɗin gwangwani, sukundireba da basilla. Aikinsu buɗe abincin gwangwani da kwance bindiga don a goge ta. Sojan da ke rataye da bindiga ya san wuƙar aljihu ta hidimar ciki ce da gyare-gyare.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce gari ya lalace, masu ƙwacen waya sun hana mutane sakat a Kano da Kaduna, 'yan sara-suka sun addabi Bauchi da Jos, ashe mutum ba zai kare kansa ba? Tsoron gaskiya ne, maganin ne na jabu. A 1983 wani ɗan sandan birnin Salt Lake a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mutum mai lafiya riƙe da wuƙa yana iya cinye tazarar ƙafa 21 cikin kamar daƙiƙa ɗaya da rabi, watau kusan lokacin da horarren ɗan sanda ke bukata ya zaro bindiga daga kube ya harba. To, kai da wuƙarka ke naɗe cikin aljihun kaftani, a ƙarƙashin makulli da hankici, gabanka na dukan uku-uku, yaushe za ka lalubo ta har ka buɗe? Masu ƙwace ba sa aiko da goron gayyata, ba sa kuma zuwa ɗai-ɗai. Wanda ya zare 'yar wuƙa mai inci uku a gaban mutum uku masu adda da barandami ya mai da asarar waya ta zama asarar rai. In kuwa Allah ya sa shi ne ya yi sukar, to, ya bar sahun ɗalibai ya shiga na waɗanda a ke tuhuma, shekarun da zai yi yana jiran shari'a kuma babu mai mayar masa da su.

Akwai ma wanda ya fi wannan kusa da mu. Wuƙar da aka saya da niyyar faɗa ba ta zama a aljihu tana jiran ɓarawo kaɗai. Tana nan ran da aka yi musun ƙwallo, tana nan ran zaɓen ƙungiya, tana nan ran da aka yi cacar baki a kan guga a bakin famfo. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Ƙasashen da mu ke kwaikwayo fa ba su sakar wa abin mara ba. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙar aljihu ba tare da ba da dalili ba in kaifinta bai wuce inci 3 ba, kotunansu kuma suka yanke cewa mai sakata ba ta cikin wannan rangwame. Wanda aka kama da ita ba hujja yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 4. A Jamus, ƙasar maƙeran Solingen, tun 2008 aka hana yawo da wuƙar da a ke buɗewa da hannu ɗaya ta kuma kulle, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Mu nan kuwa kowa ya san yadda a ke kwashewa a shingen 'yan sanda. Wuƙar da aka zana wa ƙoƙon kan mutum, aka rubuta mata sunan faɗa a jiki, ita ce mai ba da shaida ta fari a kanka, a gaban ɗan sanda ko a gaban kwamitin ladabtarwa na jami'a.

Wanda ke da aikin yi da wuƙa, ga abin da zai duba. Ya fara da ƙarfen, amma kada lambobin da a ke bugawa a jiki su ruɗe shi. Ƙarfen da a ke kira 8Cr13MoV, mai kabon kamar kashi 0.8 cikin ɗari da kuromiyam kashi 13, ba ya saurin tsatsa, yana dakushewa da wuri amma yana karɓar washi a kan kowane dutse. D2 ya fi shi riƙe kaifi, sai dai yana tsatsa in an bar shi da ruwan lemo ko gumin damina, yana kuma ba mai washi wuya. Manyan ƙarafa irin su S30V sun fi son dutse mai garin lu'ulu'u, wanda ba kowa ke da shi ba. Daɗin daɗawa, buga harafi a jikin ƙarfe ba shi da wuya, jabu kuwa sun cika kasuwa, kuma kyakkyawan ƙarfen da ba a gasa shi daidai ba bai fi gwangwani ba. In ka ga an rubuta babban suna a kan wuƙa mai kuɗin kwanon shinkafa biyu, kallon kitse ka ke yi wa rogo. Mahauci da wanzami ba su taɓa tambayar sunan ƙarfe ba. Su kan gwada a dutse, su gwada a gashin hannu.

Sai sakata, a nan ne yatsu ke tafiya. Buɗe wuƙar, ka kama bayan ruwan ka girgiza shi gefe da gefe, sama da ƙasa. In ya yi motsi, ajiye ta. In sakatar ta cikin ƙota ce, leƙa ka ga ko ta hau gindin ruwan sosai ko kuwa da ƙyar ta taɓa shi. Lalatacciyar sakata ta fi rashin sakata haɗari, don wanda ya san wuƙarsa ba ta kullewa yana yanka da hattara, wanda kuwa ya dogara da ta jabu zai danna da ƙarfinsa duka. Ga yawancinmu ma, masu fere rake da buɗe kwali da fiƙe fensir, wuƙa marar sakata mai ruwa siriri, santimita 6 zuwa 7, ta wadatar. Ƙotar ta cika hannu, kada ta yi santsi in ta jiƙe. Maƙalin nan kuma don bakin aljihun wandon kaki aka yi shi. A jikin shadda sai ya ja aljihu ya yage.

Irin wannan wuƙa ba baƙuwa ba ce. Joseph Opinel ya fara yin tasa a yankin Savoie na Faransa a 1890, ƙotar icce da ruwa siriri, aka ƙara mata zoben kullewa a 1955, har yau kuwa manoma da masu dafa abinci ba su sake ta ba. Okapi kuma tun 1902 aka fara ƙera ta a Solingen don kasuwannin ƙasashen Afirka da Jamus ta mallaka, a 1988 aka mai da aikinta Afirka ta Kudu. Ita wannan ma darasi ce ta wata fuska: wuƙar talaka ce ta aiki, mai araha, amma ta yi mummunan suna a hannun 'yan iskan unguwannin Afirka ta Kudu da na Jamaika. Ashe mai niyyar ɓarna bai taɓa jiran baƙin fenti ba, mai niyyar aiki ne kaɗai a ke cajin kuɗinsa.

Sabo da haka ina kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai ta daina kau da kai. Dokar hana riƙe makami a harabar makaranta daidai ce, muna kuma goyon bayanta, amma muddin ba a fayyace mene ne makami ba, ɗalibar da ke da wuƙar yanka kuɓewa da ɗan daban da ya shigo da wuƙar suka duk hukuncinsu yana hannun ra'ayin mai gadin da ya yi binciken ɗaki ran nan. A zauna da ofishin kula da harkokin ɗalibai a rubuta ƙa'ida baƙi da fari: tsawon da aka yarda da shi, irin da aka hana ɗungurungum, da wurin da za a ajiye ta girki. Sassan aikin gona, gandun daji, likitan dabbobi da injiniya kuma su riƙa ba ɗalibansu takardar izni mai hatimi, wadda za ta faɗi irin wuƙar da aikin da a ke yi da ita, a sabunta ta kowace shekarar karatu.