Gonar da Annabi Irmiya ya saya ana tsakiyar yaƙi

A shekara ta goma ta sarautar Zadakiya, wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu, rundunar Nebukadnezzar sarkin Babila ta yi wa Urushalima ƙawanya. Annabi Irmiya kuwa yana tsare a farfajiyar masu gadin fada, domin ya ƙi daina faɗin cewa birnin zai faɗa hannun abokan gaba. Ana cikin wannan hali ne Hanamel, ɗan baffansa, ya zo masa da tayin gona.

Gonar tana Anatot, garin su Irmiya, kimanin kilomita 5 arewa maso gabas da Urushalima, a yankin da yaƙi ya riga ya ci. Shari'ar Musa ta tanadi cewa idan talauci ya tilasta wa mutum sayar da gonar gado, ɗan uwa na kusa ya fanshe ta don kada ta fita daga dangi. Saboda haka Hanamel yana kan ƙa'ida. Amma babu dillalin da zai ba mutum shawarar zuba kuɗinsa a ƙasar da sojojin wani sarki ke takawa, balle a garin da mutanensa suka taɓa ƙulla makircin kashe shi.

Irmiya ya saya, domin Allah ya umarce shi. Sura ta 32 ta littafinsa ta bi cinikin daki-daki: ya auna azurfa shekel 17, ya sa hannu a takarda, aka buga hatimi a gaban shaidu. Ya miƙa wa magatakardansa Baruk takardun biyu, rufaffiya da buɗaɗɗiya, ya ce a ajiye su cikin tulun yumɓu don su daɗe. Ma'anar ita ce, wata rana za a sāke cinikin gidaje da gonaki a ƙasar.

Abin da masu wa'azi kan tsallake shi ne abin da ya biyo baya. Sai da ciniki ya faɗa, kuɗi suka fita, sannan Irmiya ya koma ga Allah da addu'a. Ya fara da yabo mai tsawo, ya ƙare da ɗaure kai: ga tudun ƙasa da abokan gaba suka tara a jikin ganuwa, ga yunwa da annoba, shi kuma an ce ya sayi gona. Wato ya yi biyayyar tun bai gama fahimta ba, bai kuma ɓoye cewa abin ya dame shi ba. Wannan annabin ne ma ya taɓa la'antar ranar da aka haife shi. Duk wanda ke koyar da cewa mai bangaskiya ba ya tambaya, to bai karanta Irmiya da kyau ba.

A zamanin akwai wani irin addini dabam, mai daɗin ji. 'Yan shekaru kafin ƙawanyar, annabi Hananiya ya tsaya a Haikali ya yi alkawarin cewa cikin shekara biyu ƙarfin Babila zai karye, a dawo da kayan Haikali da mutanen da aka kwasa. Har ya cire karkiyar itace da Irmiya ke ratayawa a wuya ya karya ta a bainar jama'a. Irmiya kuwa shekara 70 ya ambata, ya kuma rubuta wa waɗanda aka kai Babila cewa su gina gidaje, su dasa lambuna, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane wanda jama'a suka fi so su saurara. Hananiya ya mutu wata biyu bayan wannan rana, amma irin wa'azinsa bai mutu ba. Har gobe ana cika ɗakunan ibada da alkawarin cewa wanda ya yi biyayya yau zai ga riba kafin ƙarshen wata, kamar dai biyayya adashi ce.

Mai shakka zai ce a nan haɗarin yake, tunda kowane mayaudari yana iya cewa Allah ne ya aiko shi. Maganarsa tana kan hanya, kuma labarin bai guje mata ba. Irmiya kansa ya ce sai da Hanamel ya iso, kamar yadda aka riga aka faɗa masa, sannan ya tabbata maganar daga Allah take. Ya yi cinikin a fili, bisa doka, da shaidu. Mafi muhimmanci, azurfarsa ce ta tafi. Bai tara mabiya ya ce su kawo tasu ba. Jikinsa ne ya sha dūka, shi aka jefa cikin rijiya mai laka har sai da Ebed-melek, mutumin Kush da ke aiki a fada, ya ciro shi da igiya da tsummoki.

Da birnin ya faɗi, Babiloniyawa suka ba shi zaɓi: ya bi su Babila a kula da shi, ko ya zauna. Ya zaɓi zama da talakawan da aka bari. Bayan kisan gwamna Gedaliya, mutanen suka roƙe shi ya nema musu nufin Allah, suka rantse za su bi. Ya dawo bayan kwana goma ya ce kada su tafi Masar. Suka ƙaryata shi, suka tafi, suka kuma tafi da shi da Baruk. Can labarinsa ya tsaya, kuma babu inda aka ce ya taɓa shuka ko ƙwaya ɗaya a gonar.

A shekara ta 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya ba Yahudawa izinin komawa gida. Cikin jerin waɗanda suka komo, Littafin Ezra ya lissafa mutanen Anatot 128.