Kumburin wuya mai bugawa: tsakanin askar wanzami da ɗakin tiyata a Kaduna

Ba kowane kumburin wuya ne ƙurji ba. Akwai wanda idan aka ɗora masa yatsa sai a ji yana bugawa daidai da zuciya. Wannan yana iya zama bangon babbar jijiyar karotid, mai kai jini ƙwaƙwalwa, da ya yi rauni ya buɗe kamar balan-balan ba tare da wani ya ji wa mutum ciwo ba. Tsufan jijiyoyi da hawan jini ne kan gaba wajen haddasa shi, sai tarin fuka da cutar HIV, waɗanda likitocin Afirka ta Kudu suka sha ba da rahoto a kansu cikin matasa.

Cutar ba ta da yawa, kuma a nan haɗarinta yake. A Tudun Wada ko Rigasa, mai kumburi yakan fara da kemis ko wanzami, wanda maganin ƙurji a wurinsa sakiya ce. Idan aska ta faɗa kan irin wannan jijiya, jini zai ƙare kafin a isa asibitin Barau Dikko. Ko ba a taɓa ta ba, gudan jini na iya ɓallewa daga cikinta ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Aikin ya daɗe a duniya. A 1805 likitan Ingila Astley Cooper ya ɗaure jijiyar wata mata, ta rasu. A 1808 ya sake gwadawa a kan wani, ya rayu. Yau ɗaurewa ta zama zaɓi na ƙarshe. Akan yanke wurin da ya lalace a dasa jijiyar da aka ciro daga ƙafa ko ta roba, ko a zura bututu ta ciki, bayan sikanin da hoton CT.

Matsalar ita ce hannu da aljihu. Ministan lafiya Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekaru, masu fiɗar jijiyoyi kuwa dama can ƙalilan ne, har ma a asibitin Shika. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta shiga tsarin, jihar ma tana da hukumar KADCHMA, sai dai ma'aikaci ake cire wa daga albashi. Ɗan kasuwar Sheikh Gumi shi ne zai kai kansa ya yi rajista, in kuwa bai yi ba, jarinsa ne zai biya kuɗin tiyatar.