Uwargida, Kada Ki Haɗa Maganin Ƙwannafi da na Wankin Ciki

Uwargida da 'yan matanmu na makaranta, yau maganarmu a kan kwalabe da ƙwayoyin nan ne da ke jibge a kan taga ko a bayan kwanuka, waɗanda akan saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka maganin ciki duk ɗaya ne, in ɗaya bai yi ba sai a ƙara masa wani. To ba haka ba ne.

Ɗauki misalin mai juna biyu. Ƙwannafi ya hana ta sakat, ga kuma ciki ya ɗaure saboda ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ta wajen awo. Da dare sai ta kurɓi farin maganin nan Mist Mag don ƙwannafi, ta bi shi da ƙwayar Dulcolax don ta samu bayan gida da safe. Kafin tsakar dare ciki ya kama murɗa, zuciya tana tashi, maigida ya rasa abin yi, ita kuwa tana tsammanin ko cikin ne zai zube.

Ga abin da ya faru. Ita ƙwayar Dulcolax an yi mata riga ta musamman wadda ruwan tsamin tumbi ba ya iya narkarwa, don ta wuce lafiya sai ta isa hanji, inda aikinta yake, bayan awa 6 zuwa 12. Shi kuwa maganin ƙwannafi aikinsa ke nan ya kashe tsamin nan. Da zarar tsami ya ragu sai rigar ta narke tun a tumbi, magani ya zuba inda ba a aike shi ba. Madara da nono ma haka suke yi mata. Shi ya sa aka ce a bar aƙalla awa 1 tsakaninsu, kuma a haɗiye ƙwayar ɗungurungum, kada a tauna. Mai ciki dai ba ta da dalilin shan maganin wankin ciki sai ta tambayi nas. Ta kuma sani cewa maganin ƙwannafi yana hana jiki karɓar ƙwayar ƙarin jini, sai a raba su da kamar awa 2.

Akwai wani haɗin da ya fi wannan yawa a gidajenmu, wato Mist Mag da Andrews, ko da Milk of Magnesia. Sunaye daban, amma duk sinadarin maganisiyam ne a cikinsu, shi kuwa jawo ruwa yake yi zuwa hanji. An sha biyu, an ninka shi ke nan, sai gudawa da kasala. Tsohuwa mai ciwon ƙoda abin ya fi mata haɗari, domin jikinta ba ya iya fitar da shi. Mist Mag da Andrews kuma duk suna da dangin gishiri, haka ma kanwar da muke jiƙawa mu sha. Mai hawan jini ko mai kumburin ƙafa ta yi hattara, don kanwa ma magani ce ko da ba a kemis aka sayo ta ba.

Ku kuma 'yan makarantar kwana, mun san yadda kuke rarraba magani a ɗakin kwana, har da masu shan na wankin ciki wai don su rame. Ruwa ne kawai yake fita, ƙiba tana nan.

Laifin ba na mata kaɗai ba ne. Mai kemis da zai miƙa wa mace magani biyu bai tambaye ta komai ba, ya ci amanar sana'arsa. Amma ke ma in za ki asibiti ki zuba duk abin da kike sha a leda ki nuna, har da kanwa. In ƙwannafi ya wuce mako 2, ko kika ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta alhali ba ki shan ƙwayar ƙarin jini, ko kika yi aman jini, ki bar kemis ki nufi wajen likita a ranar.