Karatun likita kyauta a Amurka: wa ya ci moriyar rangwamen?

Idan masu karatu ba su manta ba, a watan Fabrairun 2024 wata tsohuwar malamar jami'a mai suna Ruth Gottesman ta ba makarantar koyon aikin likita ta Albert Einstein da ke unguwar Bronx a birnin New York kyautar dalar Amurka biliyan 1, domin a daina karɓar kuɗin makaranta daga hannun ɗalibai. Ba ita ce farau ba. Tun a watan Agustan 2018 jami'ar New York ta yafe wa dukkan ɗalibanta na fannin likita kuɗin karatu, wanda a lokacin ya kai dala dubu 55 a shekara, wato sama da miliyan 30 na kuɗin sefa.

Dalilin da aka bayar sananne ne. A Amurka sai ɗalibi ya gama digirin farko kafin ya shiga karatun likita na shekara 4, kuma mafi yawansu da bashi suke biya, har matsakaicin abin da ake bin mai bashi ya kai kimanin dala dubu 200. Wanda ya fito da irin wannan kaya a kansa, da wuya ya yarda ya zama likitan unguwa ko na ƙauye. Fannin da ya fi kawo kuɗi zai nufa. Sai aka ce a sauke masa kayan, ƴaƴan talakawa su samu shiga, marasa lafiya na karkara su samu mai duba su.

To, abin tambaya a nan shi ne, ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A 2024 mujallar The Atlantic ta bi diddigin abin da ya faru a jami'ar New York, inda ta nuna cewa kason ɗaliban da ke zaɓen aikin likita na matakin farko bai ƙaru ba, kason ƴaƴan masu ƙaramin ƙarfi kuma raguwa ya yi. Ba abin mamaki ba ne. Da aka ce kyauta ne, masu neman gurbi suka yi yawa, gasa ta tsananta, wanda kuwa ke lashe irin wannan gasa shi ne wanda iyayensa suka iya biya masa makarantu masu kyau tun yana ƙarami.

Jami'ar Johns Hopkins ta birnin Baltimore ta bi wata hanya dabam. Da gidauniyar Bloomberg ta ba ta dala biliyan 1 a watan Yulin 2024, sai ta gindaya sharaɗi: ɗalibin da iyalinsa ke samun ƙasa da dala dubu 300 a shekara ba ya biyan kuɗin karatu, wanda kuma nasu bai wuce dubu 175 ba har ci da kwana ake ɗauke masa. Wannan ya fi kusa da adalci, domin kuɗin makaranta ba shi kaɗai ke kayar da ɗan talaka ba, akwai haya da abinci da littattafai.

Sai dai waɗannan makarantu ƴan ƙalilan ne. Sauran ɗalibai bashi ne madogararsu, shi ma dokar da shugaba Trump ya sa wa hannu a watan Yulin 2025 ta ƙayyade wanda gwamnati ke bayarwa zuwa dala dubu 50 a shekara, da dubu 200 gaba ɗaya.

Darasin a fili yake: rangwamen da ba shi da sharaɗi, mai ƙarfi ya fi amfana da shi. Dole a duba wa ake ragewa, a kuma duba me zai saka wa al'umma da shi. A Amurkar ma akwai tsarin gwamnati da ke biya wa ɗalibi karatu bisa alkawalin yin aikin aƙalla shekara 2 a yankin da ke fama da ƙarancin likitoci.

Mu ma da muke da tsangayoyin kiwon lafiya a Yamai da Maraɗi da Damagaram, alhali ƙauyukanmu na neman likita ido rufe, ya kamata duk lokacin da ake maganar kuɗin rajista da tallafin ɗalibai mu riƙa yin waɗannan tambayoyi biyu. Allah ya sa mu dace.