Wa ya bar famfon ya mutu?

Duk mai jiran ranar da za a yi shela a ce an sayar da ruwan Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum, zai daɗe yana jira. Mu nan cinikin ba ya bukatar takarda. Famfo kawai ake bari ya mutu.

Famfon tuƙa-tuƙa zai tsaya saboda wata 'yar roba da ta cinye, abin da bai kai kuɗin akuya ba. A kai kuka, a ce ana dubawa. Damina ta wuce, ana dubawa. Bazara ta kawo jiki, har yanzu ana dubawa! Sai mai hali ya haƙa burtsatse a ƙofar gidansa, ya ɗora tanki, ya tayar da janareta, ya ajiye yaro a kan benci da gwangwanin karɓar kuɗi. 'Yan ga-ruwa su jera kurarsu tun asuba. Shi ke nan, ruwan gari ya zama haja. Ɗan ga-ruwa guminsa yake ci, ba ni da ta cewa a kansa. Da waɗanda aka damƙa wa amanar famfon nake, waɗanda suka bar shi ya mutu.

To matar da ba ta da kuɗin jarka fa? Tafki za ta nufa. Mu kuwa mun san tafki. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, kuma a tafkuna ake wanke garin dutsen zinariya. Yankin da ya binne yara haka ne za a ce wa sai da kuɗi za a sha ruwa mai tsabta? Haba jama'a!

Wasu dai ba su yi shiru ba. A Legas, tun 2014 mazauna unguwanni da ƙungiyoyin ma'aikata suke ja da shirin miƙa ruwan birnin ga 'yan kasuwa. Ba ma sai mun je Legas ba. A 1980 manoman Bakolori sun tare hanyoyi a kan gonakin da madatsar ruwa ta cinye, har aka rasa rayuka.

Ba a ce kowa ya tare hanya ba. A zauna bayan sallar Juma'a, a ƙirga famfunan da suka mutu a kowace unguwa, a kafa kwamiti da mata a ciki, tunda su ke ɗibar ruwan. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, kafin a shimfiɗa masa tabarma, a kai shi bakin famfon, a ce ya tuƙa.